Kainuwa

Shekara biyu ban sa ƙafa a kwalekwale ba,
ni Labbo, da aka binne cibiyata a bakin ruwan Yauri,
tun ranar kasuwar da kogi ya karɓi ƙanena Nomau
ya mayar mini da hularsa kawai.

Na sha rubutu, Allah ya saka wa Malam.
Na sha farar ƙwaya, na yi barci kamar gungume,
in na farka, tunanin yana bakin tabarma,
ya riga ni wanke ido.
Kowa da tasa: ka manta, ka daure, kai fa namiji ne.
Na kore shi da hira, na kore shi da rediyo,
kamar mai korar ƙuda a kan kifi.
Hannu ya gaji. Ƙuda bai gaji ba.

Tumba, ɗiyar yayata mai karatun jinya,
ita ta ce, Kawu, akwai wata hanya,
karɓar abin da ke zuci da riƙon alkawari.
Samun wanda ya koye ta shi ne aikin.

Lamba ta farko a kashe.
Ta biyu wani ne a Legas, Turanci zalla,
awa ɗaya kuɗin buhun shinkafa.
Na uku ya ce ya iya, ya iya komai,
har basir da ciwon baya.
Tumba ta yi tsaki, ta juya takardar magani
ta rubuta mini a baya:
A ina ka koya? Wa ke duba aikinka? Kana jin Hausa?

Na bi motar asuba, Koko, Jega,
rana ta take na sauka Birnin Kebbi.
Benci, kati, wani bencin,
sannan ɗaki a ƙarshen baranda, fanka tsaye ba wuta.
Malama Rifkatu, mutuniyar Zuru,
ta karanta takardar Tumba ta yi murmushi.
Ta ce, na koya, ina kan koyo,
malamina yana bin sawuna duk wata.
Gaskiyar nan ce ta zaunar da ni.

Na ce, cire mini shi.
Ta ce, ba zan iya ba, ba kuma zan yi maka ƙarya ba.
Kai matuƙi ne. In kainuwa ta rufe hanya, yaya kake yi?
Na ce, ba a faɗa da ita,
wanda ya tsaya sara, dare zai same shi a ruwa.
Ture ta ake a hankali, jirgi ya ratsa,
wata ta maƙale a gefe ta raka ka har gaɓa.
Ta yi shiru ta bar ni da bakina.

Can ta ce, to ina za ka?
Shekara biyu ana tambayata me nake gudu,
babu wanda ya ce ina za ni.
Na daɗe ina duban siminti.
Na ce, ɗan Nomau ya shiga bakwai,
ɗan masunta, bai iya iyo ba.

Ba ta ba ni komai na haɗiya ba.
Alkawari muka yi, ƙarami, kamar ƙugiya:
Laraba, ruwa zuwa idon sawu.
Larabar farko ban je ba. Na gaya mata.
Ta ce, akwai wata Larabar.

Jiya ruwa ya kai mini gwiwa.
Yaron na riƙe da ɗan yatsana, yana dariyar sanyi.
Tsoron ya zo, ya san hanya,
ya hau gaban jirgi inda Nomau ke zama.
Ban kore shi ba.
Na ce, sannu da zuwa, matsa kaɗan,
yaron nan ma zai zauna.